Karatun da Ake Ji Daga Hanya

Ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa yana can bayan Maska, inda kwalta ke ƙarewa sai ɗan acaba ya ƙarasa da mutum. Mutanen garin manoma ne na gaske, masara da dawa da auduga da waken suya, kuma suna son makarantarsu, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai da kunne suke auna ta. Hanyar gona ta bayan azuzuwanmu ta bi, don haka duk wanda zai fita da safe, a keke ko a kan amalanke, sai ya kasa kunne. In ya ji yara suna amsa karatu har kwanon rufi na kaɗawa, to malamai suna aiki. In ya ji shiru, kafin azahar magana ta kai kunnen mai unguwa cewa mun zauna hira.

Yadda ake karatun kuwa ga shi. Malami zai rubuta darasi a allo, ya karanta sau ɗaya ko biyu, sannan ya miƙa wa yaro mai murya sanda. Yaron ya tsaya gaban allo yana nunawa yana biyawa, aji na amsawa, shi kuma malam ya ja benci ya fita shan iska. Ni ma da haka aka rene ni, ban taso ina ganin aibinsa ba. Aji shida aka ba ni, kuma na tarar da sandar tana da mai ita tun suna aji uku.

Wani siririn yaro ne, baƙi, mai manyan idanu, ga murya Allah ya ba shi kamar an wanke ta. Abu sau ɗaya yake ji ya zauna masa daram. In ya ga dama sai ya maimaita wa yara labaran rediyo na safe kaf, har da tarin da mai karantawa ya yi a tsakiya. Ranar rufe makaranta shi ake tsayarwa gaban iyaye da littafi a hannu, ya yi ta zubo Hausa da Turanci, mata daga bayan katanga suna guɗa. Babansa manomi ne mai shanun huɗa, bai taɓa shiga ajin boko ba, kuma ya riga ya faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa ɗansa zai ci jarrabawar shiga sakandare ya tafi makarantar kwana, shi ne zai zama na farko a gidansu. Kullum da safe in ya zo daidai tagar ajinmu sai in ji ya tsayar da shanunsa. Ba ya leƙowa, ba ya sallama. Zai tsaya ne kawai ya ji muryar ɗansa, sannan ya kaɗa su ya wuce.

Allon ajina siminti ne aka shafe a bango aka yi masa baƙin fenti, kuma ƙasansa duk ya ɓamɓare. Wata safiya na rubuta musu labarin wani mutum da jakinsa, wanda na karanta musu daga littafi jiya, sai wuri ya ƙare mini kafin labarin ya ƙare. Na bar sauran da niyyar in goge sama in ƙarasa daga baya. Yaron ya karɓi sanda ya fara, aji na amsawa. Ya kai ƙarshen rubutuna bai tsaya ba. Ya ci gaba da biyawa yana nuna wurin da fenti ya ɓamɓare, ya sauka kan farin bango, yana tafiya da sandar daga hagu zuwa dama a inda ko ɗigon alli babu, har ya kai jakin gida lafiya. Aji kuwa suna ta amsawa da iyakar ƙarfinsu. Yarinya ɗaya ce kawai, can a bencin baya, na ga ta sa hannu ta toshe bakinta. Ita ce wadda malamai suka ce mini daƙiƙiya ce, kada in wahalar da kaina a kanta.

Da aka fita tara na riƙe shi, na rufe ƙofa, na rubuta masa kalma ɗaya a ƙasa, gona, na ce ya karanta. Bai kalli rubutun ba, bakina yake kallo, yana jira in motsa leɓe ya cafke. Na rubuta wata, na sake rubuta wata. Gumi ya fara tsattsafo masa a hanci. Na ce masa ba dukansa zan yi ba, kuma ba wanda zan gaya wa a cikin yara, gaskiya kawai nake so. Ya dubi yatsun ƙafarsa ya ce, "Malama, ba sa tsayawa. In na zuba musu ido sai su yi ta yawo." Ashe hoton da ke shafi yake ganewa ya san labarin da zai zubo, kuma ya haddace inda ake juya takarda. Kwafi kam ya iya, zana shi yake yi kamar mai zanen hula, bai san me ya zana ba.

Ni mutum ce mai saurin hawa, iyayena ma sun sani, mijina ya fi kowa sani. A fusace na shiga ofishin hedimasta na ce masa yaron da ake taƙama da shi ko harafi bai sani ba, kuma jarrabawa na nan tafe, can babu mai karanta masa tambaya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ni sabuwa ce, in bi a hankali. Ya ce yaron nan shi ke zuwa na ɗaya tun da ya shigo. Na ce yaya ba zai zo na ɗaya ba, alhali malamai su ke karanta tambaya da baki, kuma kafin a duba takardarsa an riga an san makin da za a ba shi? Ya ce in je in yi aikina, kada in tayar masa da gari. Na fito ina huci, na iske abokan aikina a inuwa suna cin gyaɗa, ban ko kalle su ba.

Daga ranar na daina kallon allo na koma kallon yaran. Abin da na gani ya hana ni sukuni. Yarinyar bencin baya duk abin da ka rubuta za ta karanta, har takardar da aka ƙunso mini ƙosai a ciki na kama ta tana bi da yatsa, muryarta ce kawai ba ta fita a cikin taro. Akwai wani mai ƙiriniya da ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum yana cikin shan bulala, amma ka ba shi tsakuwa ka ce ya raba wa mutane, kafin ka rufe baki ya gama lissafin. Wata sai an zana mata abu take ganewa, wani sai ya faɗa wa na kusa da shi da bakinsa sannan ya zauna masa. Kowane kai da ƙofar da ake shigarsa, mu kuwa ƙofa ɗaya muka sani, muna ta bugunta shekara da shekaru. Wanda tasa ce ya buɗe mu ce mai ƙwaƙwalwa ne, saura mu ce Allah ya shirya. Abin takaicin shi ne, wannan yaron da muke ganin mun fi yi wa gata, shi muka fi cuta.

Lokacin kaka ne, an yanke dawa, kara ko'ina. Yaran garin suna ƙera motoci da shi, su ɓare ɓawon su yi ta sossoka shi a jikin totuwa. Ina jiran ɗan acaba wata rana bayan an tashi sai na ga tasa motar. Kai, abin sai wanda ya gani. Ƙofofinta suna buɗewa, ga wurin zuba kaya, ga sitiyari mai juya tayoyin gaba. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce ai ya taɓa shafa ƙarƙashin wata babbar mota da ta zo ɗaukar masara. Kalmar shafawar nan ce ta tsaya mini a rai har na isa gida. Washegari na zana masa harafi ɗaya a ƙasa, ƙato, na ce ya ƙera mini irinsa da kara. Nan da nan ya haɗa shi. Na ce ya rufe ido ya shafa, na faɗa masa sautinsa sau ɗaya. Na karɓe, na ɓoye, na fito da shi bayan kwana biyu na sa masa a hannu. Kafin ya buɗe ido ya faɗa.

A hannunsa haruffa ba sa yawo. Abin da muka gano ke nan, ni da shi, a gindin darbejiyar da ke bakin ajinmu. Kunnensa ya riƙe sauti, yatsunsa su riƙe siffa, ido ya biyo su daga baya a hankali. Ya samo tsohon buhun taki yana tara su a ciki. Da suka ɗan yi yawa muka fara jera su a ƙasa bibbiyu. Ranar da ya fara karanta kalma da kansa ba zan manta ba. Na jera masa huɗu ban ce komai ba, na kama bakina gam don kada ya karanta leɓena. Ya taɓa na farko, ya taɓa na biyu, yana ta gunguni, ya koma baya, ya sake. Can sai ya ɗago ya ce dawa, da alamar tambaya a muryarsa. Na gyaɗa kai. Ya waiga ya dubi gonakin da ke bayan makaranta, ya sake duban ƙasa, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa a bayan ɗan acaba na yi kukana, ya yi ta tambaya ko rasuwa aka yi mini.

To amma fa don in yi wannan aikin sai da na karɓe sandar daga hannunsa, domin muddin yana biyawa ba zai taɓa kallon harafi ba. Ban kuma ba kowa ita ba, na jefa ta bayan kabad. Na rarraba yaran gida-gida, masu tsakuwa a can, masu zane a nan, yarinyar bencin baya na ba ta mutum biyu tana karanta musu a hankali yadda muryarta za ta iya. Ajin ya koma sai ƙus-ƙus da ɗan gardama. A lissafina, in aka bar mu zuwa faɗuwar ruwa, yaron zai iya karanta tambaya ko da da rarrafe ne, kuma mai kai irin nasa in dai ya karanta tambaya to amsa ba za ta gagare shi ba. Ina can ina murna, na manta da hanyar da ta bi ta bayan taga. Na dai lura shanun suna daɗewa a tsaye fiye da da.

Ran nan da hantsi sai ga uban ya zagayo ta gaba. Ya iske ɗansa zaune dirshan a ƙasa cikin ɓawon kara, ɗan aji shida, wanda gari ke jira. Bai yi mini magana ba, ofis ya wuce ya taho da hedimasta. Kafin ka ce me, malamai sun fito, masu wucewa gona sun jingine kekuna sun taru a taga. Ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba. Ya ce ya yi kwanaki yana tsayawa a bayan ajin nan bai ji muryar ɗansa ba, har mutane sun fara tambayarsa a masallaci ko yaron ya yi laifi ne aka sauke shi. Na gaishe shi da ladabi, na ce Baba mu shiga ofis mu yi magana mu uku. Ya ce a'a, a nan aka zaunar da ɗansa a ƙasa, a nan za a gaya masa dalili. Na rage murya iyakar iyawata na ce masa yaron bai iya karatu ba tukuna, amma ya kama hanya.

Dattijon ya yi murmushi irin na wanda aka gaya wa ruwa ba ya jiƙa. Ya shiga aji da kansa ya ɗauko littafi a kan teburina, ya buɗe tsakiya ya miƙa wa ɗansa. Yaron ya ga hoton, ya buɗe baki, muryar nan ta tashi tar-tar, ba gargada ko ɗaya. Mutanen da ke taga suna ta gyaɗa kai suna masha Allah. Da ya kai aya uban ya juyo ya ce, "To Malama, wannan mene ne in ba karatu ba?"

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na fizgi alli na nufi allo. Kalma ɗaya sabuwa zan rubuta magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji shi a bayana, da wata 'yar murya da mutanen taga ba za su ji ba.

"Malama, don Allah."

Na waiga. Idanun nan sun cika taf. Gaban ubansa, gaban 'yan ajinsu da suka yi shekaru suna amsa masa, gaban rabin gari. Na ajiye allin. Ko yau aka maimaita haka zan yi, ba zan tsiraita yaro a bainar jama'a don in ci gardama ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, ka bar mini shi zuwa faɗuwar ruwa." Ya ce shi bai kawo ɗansa makaranta don wasan kara ba, in kara ne yana da shi a gona har ya rasa yadda zai yi da shi. Ya sunkuya ya tattara haruffan da ke ƙasa ya zuba a buhun, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Daga baya na ji da su aka hura wutar tuwo.

Kafin sati ya zagayo hedimasta ya ce tunda wasa nake so, ga 'yan aji ɗaya can, in koma wurinsu. Aka zaro sandar daga bayan kabad aka mayar wa yaron. Kullum da safe ina tsakiyar share wa ƙanana majina sai in ji muryarsa ta ratso fili, aji na amsawa, kwano na kaɗawa, shanu su tsaya a bayan taga su wuce. Gari ya samu natsuwa. Ni kuwa kowace kalma ya biya sai in ji kamar ana tsikara ta da tsinke. Ya ɗan riƙa zuwa wurina a ɓoye bayan an tashi, muna zana haruffa a ƙasa da yatsa, amma wani ya kai labari aka hana. Na shiga gidansu wurin mahaifiyarsa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ita ta daɗe da zargin haka, don ta lura in aka aiko da takarda gidan sai ya faki ido ya kai wa ƙanwarsa ta karanta. Amma maigidan ya riga ya gaya wa duniya, ita ba ta da bakin da za ta warware masa. Ta roƙe ni in taya su da addu'a.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, jarrabawa ta zo. Aka ɗinka masa sababbin kaya, uban ya raka su har bakin titi inda motar Funtua za ta ɗauke su. Ban je ba, ba a ma sa ni cikin masu rakiya ba, amma na san abin da ke jiransa. Ɗaki ne da ba a magana, ba hoto a shafi, ba leɓen da zai kalla. Da sakamako ya fito, yarinyar bencin baya ta ci, shi ko kusa bai je ba. Kuma kada ku ce garin ya gane. Wasu suka ce baki ne ya kama shi, yabo ya yi masa yawa, aka yi ta ba shi rubutu yana sha. Wasu suka ce an sayar da gurbinsa ga ɗan wani a birni. Mafi yawa kuwa suka ce malamar nan ce ta dagula masa kai da kara ana dab da jarrabawa. Na shiga wani gidan suna, mata suka amsa gaisuwata a daƙile. Shekarar da ta biyo aka mayar da ni wajen Malumfashi, na tafi ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekaru suka tura, na aurar da 'ya'ya, gwiwa ta fara ciwo, na dawo Funtua da zama ina jiran ritaya. Wata rana na shiga tasha zan je gaisuwa Malumfashi, rana ta take, hayaniya ko'ina, sai na ji ana kiran motar Malumfashi. Tsayawa na yi cak da jaka a hannu. Muryar ta yi kauri, ta ɗan dushe saboda ƙura da ihu, amma ko a cikin barci na ji ta zan gane. Na bi ta har na iske shi, ƙato da gemu, yana kamasho, yana dukan bayan mota da tafin hannu. Da ya gan ni sai ya zube ƙasa ya tsuguna a tsakiyar tasha yana gaishe ni, direbobi na kallo. Ya karɓi jakata, ya sa ni a gaba, ya sayo mini ruwa mai sanyi. Kafin mota ta cika ya tsaya a bakin taga ya ba ni labarinsa, yana yi yana dariya, ni ko dariyar ba ta zo mini ba.

Ya ce a ɗakin jarrabawa haruffan da muka ƙera kaɗai ya riƙa nema a takardar, in ya ga ɗaya sai ya ji kamar ya ga ɗan garinsu, amma ba su isa su haɗa masa magana ba. Uban ya so ya sake zama, shi ya ƙi, ya gudo Funtua. Motoci da launi da lotsewar jiki yake gane su, mutanen da ke cikin wayarsa kuma da hotunansu, saƙo duk na murya yake yi, ba wanda ya taɓa ganewa a tashar. Na tambaye shi labarin Baba, ya ce ya rasu bara waccan. Ya ce da ciwon ya yi tsanani shi ya yi jinyarsa, kuma duk sanda aka kawo magani sai tsohon ya ture hannun kowa ya ce a ba ɗansa ya karanta, ai shi ne mai ilimin gidan. Shi kuma ya riga ya kasa kunne lokacin da ma'aikaciyar asibiti ke bayani, sai ya riƙe kwalin ya zubo masa tiryan-tiryan. Ya ce har tsohon ya koma ga Allah yana gaya wa masu dubiya cewa zalunci aka yi wa yaron nan, da yanzu shi ne likitan. Mota ta tashi, na yi ta kallon gonaki ban ga komai ba.

Na yi masa kwatancen gidana, ban zaci zai zo ba. Bayan an yi girbi sai ga sallama a zaure. Shi ne, da wani ɗan yaro mai irin idanunsa sak, da damin karan dawa ɗaure a bayan babur. Ya sauke damin ya jingine, suka shigo tsakar gida, ya ce wa yaron ya gaida Hajiya. Ya ƙi zama a kujera. Na ga hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya ce ɗansa ne na fari, yana aji uku, kuma shekaranjiya ya dawo gida da murna wai an ba shi sanda, shi ke biya wa aji. Ya ce uwar yaron har da rabon alewa, shi kuwa tun ranar abinci bai wuce masa ba. Ya sa yaron ya karanta masa littafi a gida, yaron ya zubo tar-tar, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Shi ya sa ya biya ta gonar wani ya roƙi kara.

Na ɗauko gawayi a murhu na rubuta a kan siminti abin da na tabbata ba ya cikin kowane littafi, wato akuyar Hajiya ta cinye mata zogale. Yaron ya tsuguna ya sa yatsa. Ya fara a hankali, yana jan kowace gaɓa, ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya koma baya ya gyara. Ba daɗin ji ko kaɗan. Da ya kai ƙarshe sai ya kalli akuyar da ke ɗaure a gindin bango ya ƙyalƙyale da dariya. Na ɗago in yi wa uban albishir, sai na ga ba rubutun yake kallo ba, ba ɗan nasa yake kallo ba. Bakina yake kallo.

"Malama, daidai ya faɗa?"

Na ce daidai ya faɗa, ɗanka ya iya karatu, wannan gargadar da ka ji ita ce karatun. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, sannan ya juya mana baya ya fuskanci bango ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna motsi. Na tura yaron ya je ya ba akuya ruwa.

Da ya natsu ya share ido ya ce to ashe karan bai da amfani, bari ya ɗauke mini shi kada ya tara mini shara. Na ce ajiye shi, ai ba na yaron ba ne. Na ce ya zauna, yanzu ba hedimasta, ba masu leƙe ta taga, daga inda muka tsaya za mu tashi. Ya yi murmushi ya faɗa mini harafin da muka tsaya a kansa. Ni na manta, shi bai manta ba. Har ya kai hannu ya zari kara ɗaya ya fara ɓare shi da farce, sai wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa a tasha mota ta shigo. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce yau dai ba hali, ga iyali ga hidima, amma in sha Allahu ranar Juma'a bayan an sauko zai zo. Ya ɗora ɗansa a gaban babur suka tafi.

Juma'o'i sun wuce da yawa. Yakan aiko mini da gaisuwa ta waya, da muryar nan tasa, kullum da alkawarin sati mai zuwa, ni kuma ba na matsa masa don na san kunya ce ba aiki ba. Damin yana nan a zaure. Jikokina sun so su yi mota da shi na hana, mai aikina ta so ta hura wuta na kusa cinye ta. Da damina gara ta fara hawansa daga ƙasa, sai na kakkaɓe na ɗora shi a kan bulo.